Tabarmar Inna

Ina lissafa wa kakata wuraren zuwa hutu, ita kuma tana jan tabarmarta zuwa inda rana ta koma. Haka take yi kullum a gidanmu na Jos, ta yi ta bin rana har azahar.

Shekarar da na fara aiki ce, ba a daɗe da gobarar kasuwar Terminus ba. Na ce, "Inna, Mambila za mu. An ce can gajimare har ɗaki yake shigowa."

Ta yi murmushi. "Sanyi a kan sanyi, ɗan nan? Tun da aka kawo ni garin nan ina amarya nake bin rana. Mu a Gumel inuwa muke bi. Ka kai ni in zauna gindin tsamiya, gumi na bin bayana, in sha ruwan randa in ji daɗinsa."

Raina yana Mambila, sai na ce mata hutu na gaba. Na tafi ni kaɗai.

Hutu na gaba bai same ta ba.

Yau aiki ya kawo ni Gumel, na tsinci kaina ina jan kujera zuwa inuwa.

Ku fa, wa kuka ce wa sai hutu na gaba?