Turmin Giwa da Ɗinkin Bushiya

Kakarmu ba ta ba mai zaman banza tatsuniya. A gidanmu na Tungan Maje, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa a bakin hanyar Gwagwalada, da an idar da sallar magariba sai ta ja 'yar kujerarta kusa da murhu, inda garwashin tuwo bai gama mutuwa ba. Kafin ta buɗe baki sai ta raba aiki. Wannan ta tura masa faifan gyaɗa ya ɓare, wancan zogale ya tsinke, yayata Asabe kuwa ita ce mai yankan kuɓewar da za a shanya. Idan labari ya yi daɗi ka saki baki ka manta da abin da ke cinyarka, sai ka ji shiru. Ta tsaya ke nan, ko da kura ta kusa cafke wani.

"Wani hannu ya tsaya," za ta ce, idonta a kan wuta. "Ni ma bakina ya gaji."

Kowa ya san hannun da ake nufi. Nawa ne. Sai Asabe ta zungure ni da gwiwar hannu, in hau ɓara da sauri, Kaka ta ce, "Yawwa angona. Da irin wannan lalaci za ka ciyar da ni?"

Tana da nata salon buɗewa. Takan ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa, wa zai ba ta wuri?" Mu amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi." Cikin baƙin da suka riƙa shigowa, akwai wadda ta fi zuwa, har na haddace ta.

Wai an yi wata shekarar yunwa, wata tsohuwa ta riƙa dafa ɗan abin da take da shi tana ciyar da namun dawa. Da damina ta yi kyau, kowa ya so ya gode mata. Giwa ta sa aka sare ƙatuwar ƙirya, aka sassaƙa turmi wanda sai an taka dutse ake leƙa cikinsa. Aka kawo shi da ganga da guɗa, gari ya fito kallo, ana ta cewa kyauta sai giwa. Tsohuwa ta yi godiya, ta sa albarka. Da jama'a suka watse ta gwada ɗaga taɓaryar, ko motsi ba ta yi ba. Ga turmi ya tare mata ƙofar ɗaki, sai ta raɓa take wucewa.

Bushiya ba ta da abin kawowa. Sai ta riƙa zuwa da yamma tana iza wa tsohuwa wuta. A nan ta lura duk lokacin da tsohuwa za ta sauke tukunya sai ta ƙone, ta ɓoye yatsun a bayanta tana yarfewa don kada a gani. Bushiya ta je wurin dukawa ta tsinci guntayen fata da suka zubar, ta zare ƙayarta ɗaya ta yi allura, ta ɗinka 'yan faifai biyu na kama tukunya. Ba ganga, ba guɗa. Amma har tsohuwa ta bar duniya, ba ta ƙara sauke tukunya ba tare da su ba.

"Turmin fa, Kaka?" Kullum sai mun tambaya, ko da mun san amsa.

"Ruwan sama ya cika shi, kwaɗi suka samu gida." Sai ta kumbura kumatu ta yi kukan kwaɗo, mu yi ta dariya har gyaɗa ta zube. Ta rufe da cewa baƙuwa ta ji ɗumi, ta shige toka ta kwanta.

Wata rana na ce mata, "Ni dai giwa nake so. Ita aka yi wa ganga."

Ta dube ni ta gefen ido. "Na sani, angona. Kana tsammanin don wa take yawan zuwa?"

Kaka ta rasu ina saurayi, Allah ya haskaka kabarinta. Karatuna bai yi nisa ba, tuƙi na koya, yanzu ina tuƙa wani oga a wata ma'aikata a Garki. Ba zan ɓoye halina ba: ni mutum ne mai son a gani. Idan zan yi kyauta, girman kwalin nake fara dubawa. Asabe tana Kubwa, mijinta ya rasu, da awara take riƙe da 'ya'yanta. Sallar bara na kai mata injin markaɗe na lantarki, babba, mai maɓallai da yawa. Da gangan na sauke shi a bakin layi na ɗauko a kafaɗa don maƙwabta su gani. Ta yi godiya, ta sa albarka. Na sha lemona a falo na tafi. Ban taɓa leƙa inda take girki ba.

A azumin bana aka tashe mu daga aiki da wuri wata rana, na ce bari in je in sha ruwa a gidanta. Ba kowa a falo, sai na bi ƙamshin mai zuwa bayan gida. Na same ta a tsugune, gabanta tulin albasa da attaruhu na miyar awara, ta ɗaure wuyan hannunta na dama da tsumma. Ta yi yanka kaɗan, ta ajiye wuƙar, ta matsa hannun tana cije leɓe. Da ta gan ni sai ta tura hannun ƙarƙashin mayafi.

"Yaya, me ya sami hannun?"

"Ba komai. Wai a asibiti sun ce in huta da yanka da daka. In na huta kuma wa zai yi? Ina ga bayan sallah zan bar awarar nan."

"Ki bar ta? Yaran fa? Ina injin da na kawo miki?"

Ta yi dariya ta nuna mini taga. Ga shi can a kan kabad, 'yarta ta cusa fulawar roba a cikin kofinsa.

"Kwaɗi sun samu gida," in ji ta. "Ɗanlami, lokacin da nake aiki babu wuta a layin nan. In an kawo kuma ba ta da ƙarfin juya shi. Kuma mai sayen awara ba ya son albasa ta zama ruwa, yankakkiya yake so."

Na ja kujera, na karɓi wuƙar. Dakusasshiya ce, sai an danna da ƙarfi. Na yi ta yanka ina hawaye, na ɗora wa albasa laifi.

Washegari na shiga kasuwar Garki, wurin masu kayan girki, na wuce manyan kwalaye ban ko kalle su ba. Na faɗa wa mai shagon abin da na gani. Ya ɗauko wata 'yar roba mai murfi, da ƙananan wuƙaƙe a ciki da igiya a sama.

"Oga, wannan ba ta son wuta. Ka sa albasa, ka ja igiya, shi ke nan."

Na ce hannun dama ne ke ciwo, za a iya ja da hagu? Ya ba ni na gwada, igiyar ba ta da nauyi. Na haɗa da ɗan abin wasa wuƙa, da safar kama tukunya, don na ga yadda take sauke kaskon mai da gefen zani. Duka suka shige leda ɗaya, har na ji kunyar ƙanƙantarta.

Ana jajibirin sallah na kai mata. Ba wanda ya ga shigata. Ta zuba albasa, ta dafe murfin da tafin hannunta mai ciwo, ta ja igiyar da hagu. Ta buɗe ta duba. Sai ta zuba attaruhu ta sake ja.

"Awara ta fasa tafiya," ta ce. "Allah ya ji ƙan Kaka."

Na daɗe ina zaton darasin tatsuniyar shi ne ƙaramar kyauta ta fi babba. Yanzu na ga ba a nan take ba. Bushiya ta san abin da za ta ɗinka ne saboda ta zauna a bakin murhu. Watakila shi ya sa Kaka ba ta barin hannunmu ya huta: tana so mu san inda aiki yake yi wa mutum ciwo. Na gode wa Allah da ya ba ni kakar da ba ta gaji da maimaita mini ba, da yayar da ta shekara tana raɓa turmina ba ta ce komai ba.

Na miƙe zan koma falo, sai Asabe ta turo mini tiren tafarnuwa da ƙafa.

"Zauna ka ɓare, Bushiya. In hannunka ya tsaya, hira ta tsaya."

Na zauna.