Masar Suna a Tashar Managil

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayata Kulu. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kanta, mutane suna cewa in bari, wai akwai wanda zai ji kunya. To ya ji. Ni dai tsufa ya kama ni, ba ni da sauran lokacin lallashin kowa.

Daga ƙasar Sakkwato muka taso da niyyar aikin hajji, ni da ita da mijinta da ɗansu Bello yana ɗan yaro. Guzuri ya ƙare mana a Jazira, wata ƙasar noma ta Larabawa da ke kan hanya, muka tsaya tsintar auduga wai na kaka ɗaya. Ga mu nan har yau. Mijin bai daɗe ba ya rasu, Kulu ta riƙe ɗanta da hannunta, ni kuma ina noma rabon gona a wajen wani Balarabe.

Abin da ya fi damun ta a ƙasar nan shi ne abinci. Mutanen nan kisra suka sani, ƙullun dawa ne ake shafawa siriri a kan wani faifan ƙarfe da suke kira doka, a ɓamɓaro shi kamar takarda. Kulu ta koya har ta fi maƙwabtanta iyawa, amma ba ta taɓa ɗaukar ta abinci ba. Cewa take abin da iska ke iya ɗauke wa mutum daga akushi bai isa a yi mashi bisimilla ba. Ita masa take so, ta gero, mai kauri, wadda ƙullunta ya kwana ya tashi.

Sai dai babu tanda a duk faɗin Jazira. Ta zuba ƙullu a kan doka, ya baje ya zama kisrar da ta ƙi. Ta gwada da ludayin ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, hantsi ya yi ba ta cika kwano ba. Ta ɗebo baƙar ƙasar gona ta gina da kanta, da ta ji wuta ta dare gida biyu. Daga baya ta ji labarin wata mai ginin tukwane a bakin kogi wajen Sinnar, ta hau mota ta je. Matar ba ta gane abin da ake nufi ba, sai Kulu ta durƙusa ta riƙa danna gindin ƙaramin ƙoƙo a cikin ɗanyen yumɓu, rami bayan rami. Da aka gasa, a kan cinyarta ta rungumo ta har gida. Gero kuwa wajen 'yan ci-rani masu zuwa daga yamma take samu, man riɗi ya tsaya a madadin na gyaɗa.

Ranar da ta fara suya, tsofaffin ƙauyenmu har da masu hawaye. Amma na ga wasu irin mutane kuma. Akwai mazan da in ka gaishe su da Hausa a kasuwa sai su waiga baya kamar da wani kake, don kada Larabawa su kira su Fallata, sunan rainin da suke kiran mutanenmu da shi. Su ne ke fara zuwa ranar Juma'a da sassafe, ta ƙofar baya, su karɓa su cusa a ƙarƙashin riga, mai yana ɓata musu jallabiya. Kulu ba ta taɓa hana su ba. Ni da tandar tawa ce, da sai kowa ya yi sallama da harshen uwarsa kafin ya ci.

Ban san a cikin gidanmu irinsu yake girma ba. Bello ya tafi Managil lokacin da ake yanka sababbin gonaki a can, ya buɗe kanti daura da tashar mota, ya auri 'yar wani attajiri Balarabe. Da surukai suka tambayi asalinsa, ya ce shi mutumin yamma ne, ya bar su su cike sauran da kansu. Labarin ɗaurin auren ma a bakin direbobi muka ji. Kulu ta shanye. Amma da aka ce matar ta haifi namiji, sai ta miƙe ta jiƙa gero. A wurinmu jikan fari ba ya cin suna babu masar kakarsa, ita kuwa jika ɗaya ke nan Allah ya ba ta.

Ta surfa, ta niƙa, ta dama ƙullu ya kwana. Ranar suna da asuba muka hau babbar mota, tukunyar ƙullu a tsakanin ƙafafuna, tanda a cinyarta. Muna sauka Bello ya hango mu daga kanti, ya taho da sauri kamar wanda ya ga gobara. Da Larabci ya gaishe da uwarsa. Ya ce ta shiga gidan, ba laifi, amma ta zauna cikin mata ta yi shiru, ya riga ya gaya wa surukansa wata tsohuwa da ta rene shi za ta iya zuwa. Sannan ya nuna tandar da haɓa, ya rage murya, ya koma Hausa.

"Inna, wagga aba ba ta shiga gidan. In sun gan ta sun gane komi."

Na ɗaga hannu zan mare shi, ta riƙe mini hannun riga. Ba ta dube shi ba, murfin tukunya ta ɗaga ta leƙa. Ƙullu ya taso har wuya saboda zafin hanya.

"Mamman," ta ce da ni, "ƙullu ba ya jiran kowa. Samo min duwatsu ukku."

A nan cikin tasha, gefen masu sayar da shayi, ta hura wuta ta ɗora tanda. Kanti yana kallonmu, muna kallonsa. Ƙamshi ya tashi, sai ga 'yan tsintar auduga da 'yan dako da yaran mota, mutanenmu da ba su ga masa ba tun barinsu gida. Duk wanda ya miƙo kuɗi sai ta ture hannunsa, ta ce sadakar suna ce, a yi wa jariri addu'a. Suka yi ta tambayar ɗan wane ne. Ta ce ɗan Musulmi ne. Wasu suka ɗauka kunyar ɗan fari ce, tun da Kulu ba ta taɓa kama sunan Bello da bakinta ba. Ni na san asirinsa take rufawa, asirin mutumin da ya rufe kanti ya zagaya ta bayan tasha don kada ya bi ta gabanta. Wani tsoho ya ɗaga hannu ya ja fatiha, tasha guda ta shafa. Ta kankare tukunya, muka hau motar la'asar. Ba ta ga jaririn ba, ran nan ko bayansa, har ta koma ga Allah bayan shekara uku.

Yanzu masa ta cika har tashar Madani, babban garin Jazira. 'Yan mata ne ke soyawa a tandar ƙarfe, su barbaɗe ta da sukari, Larabawa na layi. Da Kulu za ta dawo ta gani, na san yatsa za ta danna a kan guda ɗaya ta ce ƙullun bai kwana ba, ta wuce. Masu shiga ta ƙofar baya kuwa sun zama dattawa, su ne ke zama gaba a taron Hausawa suna ba da labarin masar Kulu. Bello ya yi hajji, ya yi motoci, ya yi tumbi. An ce direbansa yake aikawa ya sayo mashi masa, ya ci a cikin mota da gilashi a rufe. Ko abin da yake so ma bai iya ci kamar ɗa ba.

Tandar ta fashe tun tuni, babu hotonta, kabarinta ma ruwan gona ya shafe alamarsa. Na ɗauka babu abin da ya rage. Sai watan jiya ga wani saurayi dogo ya yi sallama a ƙofata, da Larabci, don ba ya jin ko "zo" da Hausa. Goshin Kulu ne a fuskarsa. Ya ce sunansa Usama ɗan Bello. Ya ce tun yana ƙarami duk wani tsohon Bahaushe a tashar Managil Mai-Masa yake kiran sa, wasu har su dafa kansa su sa mashi albarka, ya tambayi ubansa dalili ya ce shirmen 'yan dako ne. Wani direba ne ya ce ya zo wurina. Ashe tasha ta san ɗan wane ne tun ranar, kara kawai suka yi wa tsohuwa.

Na shimfiɗa mashi tabarma. Kulu ta rufa wa ɗanta asiri har kabari, wannan halinta ne, Allah ya jiƙan ta. Ni ban yi wa kowa alkawari ba. Na gaya mashi komai tun daga jiƙon gero, da Larabcin da ubansa ya zaɓa mashi, don kada kalma ɗaya ta wuce shi. Da na gama sai ya tambaye ni sunan kakarsa. Shekararsa goma sha bakwai, ran nan ya fara jin sa.