Na Ji Nozul Ya Mutu, Kunyar Ɗan Fari Ta Rufe Mini Baki

Ku matso kusa, 'yan'uwa masu karanta wannan mujalla, akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji, yau nake son in sauke. Ni mutuniyar Ƙanƙara ce, ban yi boko ba sai ɗan yaƙi da jahilci da na taɓa da girmana, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai zaman gida, mai surutu, wadda matan unguwa ke cika wa tsakar gida don hira. Abu guda Allah ya ba ni, shi ne kunne. Marigayi maigidana bakanike ne na injinan gas, su tarakta da injin niƙa da tsofaffin motocin shiga daji, garejinsa kuma jikin katangar ɗakina yake. Na shekara fiye da ashirin ina tuƙa tuwo da kukan inji a kunnena. Da jinsa ya fara raguwa, sai ya riƙa tada mota ya leƙo ya tambaye ni mi na ji. Shi ya koya mini cewa kowace silinda tana da nozul ɗinta, ɗan ƙarfen nan da ke fesa mata mai, in kuwa guda ya toshe ko ya koma ɗiga maimakon feshi, injin zai riƙa ɗingishi kamar wanda ya taka ƙaya. Yakan yi mini tsiya wai da ni namiji ne da tuni na raba shi da garejin.

Bayan rasuwarsa ɗanmu na fari ya gaji wata tsohuwar jif mai shan gas, yana jigilar mutane da hatsi daga Ƙanƙara zuwa ƙauyukan Faskari, wani lokaci har wajen Sabuwa, inda ƙananan motoci ba sa iya shiga. Shi direba ne, bai ɗauki kanikanci ba. To, ku da kuka san mu kun san yadda muke da ɗan fari. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, wajen kakarsa ma ya tashi. Ko da ya girma ya yi iyali muka zauna gida ɗaya, ban zaman hira da shi, ban kallon idonsa. In zan ambace shi sai in ce wannan yaron. Ni da nake iya shafe wuni ina zuba da maƙwabta, in ya shigo sai bakina ya mutu. Kuma har ina jin daɗi in an yabe ni an ce ai ni ba irin iyayen zamani ba ce, na san kunya.

Wani ƙarshen damina, dawa ta yi kai, na fara jin abin. Kullum bayan ya dawo masallaci yakan tada motar a ƙofar gida ta ɗumama. Ran nan ina wanke-wanke sai na ji kukanta ya sake. Ta daɗe tana tari kafin ta tashi, da ta tashi kuma akwai wani ɗan gurbi a cikin bugunta, kamar mata huɗu na daka ɗaya tana makara. Ƙofar langa-langar zaure ta riƙa rawa, hayaƙin da ya tsallako katanga fari ne, yana warin ɗanyen gas mai yaji a ido. Na ajiye kwanon da ke hannuna, don na san wannan muryar. Nozul ne.

Maimakon in kira shi, sai na kira matarsa na yi mata bayani, na ce ta faɗa masa a kwance nozul a gwada. Yarinya ce mai ladabi, amma ba ta san mene ne nozul ba, na kuma ga tana danne dariya, wai Inna ta zama bakanike. Abin da ya isa kunnensa shi ne kawai Inna ta ce a duba mota. Bai ƙi ba, Allah ya sani. Ya kai wa wani bakanike, mutumin ya ce mai ne aka haɗa masa da kananzir, ya sake filta ya wanke tanki. Washegari ɗingishin na nan, har ya ƙaru. Kwana tara ina jin sa. A rana ta goma ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata kamar kullum, ya gaishe ni, ya ce zai kai mutane wani ƙauye gaba da Faskari, in Allah ya so kafin la'asar ya dawo. Maganar tana kan harshena. Kalma nawa ce? Amma ƙanwar babansa na zaune a ɗakin, na ji nauyin ta ga ina doguwar magana da ɗan fari, kan zancen mota kuma, sai na kau da kai na ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da na ce ke nan.

Sauran labarin daga bakin fasinjojin na ji shi. A kan hanyar dawowa, rana tsaka, suka shiga wani rafi mai yashi wanda motar ta saba hayewa ba wahala. Tana cikin hawan gangaren fita ƙarfinta ya ƙare, ta turnuƙe da hayaƙi ta mutu. Yana ta murza makulli tana tari sai suka jiyo kukan babura daga daji, ko yaro a yankinmu kuwa ya san ma'anar wannan kukan. Wata dattijuwa da ke cikin motar ta ce shi ya buɗe masu ƙofa ya ce su faɗa cikin dawa kada su waiwaya, ya kama ta ya tsallakar da ita kunyoyin gona biyu. Daga nan ya koma wajen motar, don akwai wani tsoho marar ƙafa a baya da bai iya gudu, ya ce bari ya gwada ta sau ɗaya. Da 'yan bindigar suka iso, tsohon sun bar shi a zaune. Yaron nan nawa suka tafi da shi.

Bayan kwana uku aka jawo motar da tarakta aka ajiye ta a ƙofar gida. Wani tsohon abokin aikin maigidana ya zo jaje, ya ce a bar shi ya ga abin da ya kashe ta. Ina jingine da katanga ta ciki ina ji. Da ƙyar ya tada ta, sannan ya ɗauki sifana yana sassauta bututun man kowane nozul ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi. In nozul mai lafiya ne, da ka hana shi mai sai injin ya ƙara rikicewa. Na farko ya rikice. Na biyu ya rikice. Da ya sassauta na uku, kukan bai ko motsa ba, dama can matacce ne. Ban san lokacin da na fito zaure cike da maza ba mayafi ba, ina faɗin na uku ne, na ji shi, kwana goma ina jin shi. Mutumin ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce aikin da bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba ne.

Damina biyu ke nan, ba waya, ba saƙo, ba gawa. An yi cigiya, an yi addu'a, wasu sun ce sun ga mai kama da shi, wasu sun ce mu yi masa salla. Malamai sun yi mini nasiha cewa abin da Allah ya rubuta babu makawa, na kuma yarda, ba ina ja da ƙaddara ba ne. Sai dai kunnen nan ya zama mini azaba. Duk motar gas da ta ratso layinmu sai na tsaya cak har ta wuce, ko a raka'a nake sai zuciyata ta bi ta. Matan unguwa sun rage zuwa, don hirar tawa ta ƙare. In gidan ya yi shiru, nakan shiga ɗaki in kira sunansa a hankali, ina koyon yadda yake fita a bakina. Har yanzu baƙo ne a harshena.

Ban ce kunya mugun abu ba ce, da ita aka raine mu, ni ma da ita na raini nawa. Amma na gane akwai inda ya kamata uwa ta ajiye ta, ta kira ɗanta gaba da gaba ta faɗa masa abin da ta sani da bakinta, ko duk gari za su ce ta yi rashin ta ido. Saƙon da ya bi ta bakin wani yakan rage a hanya. Ku kuma direbobinmu masu shiga daji, in mota ta soma ɗingishi da farin hayaƙi kada ku tsaya kan filta, ku sa a gwada nozul ɗaya bayan ɗaya kafin ku ɗauki rayukan mutane, don hanyoyinmu yanzu ba na tsayawa gyara ba ne. Ke 'yar'uwata da ke karanta wannan, wace magana ce kike riƙe da ita saboda nauyin baki, kuma wa ya tabbatar miki wanda za ki faɗa wa zai dawo da la'asar?