Tabar da aka shanya a Old Trafford

Mahaifina fataucin goro ya yi, don haka tun ina yaro na san akwai abin da bushewa ke kashewa. Huhun goro ana lulluɓe shi da ganye, a yayyafa masa ruwa, a ajiye a inuwa, a riƙa buɗewa ana tsince wanda sankara ta taɓa. Sauran kayan gidanmu kuwa rana ce maganinsu: kuɓewa, barkono, tumatir, nama. In ana son abu ya daɗe, shanya shi ake yi.

Aikin injinan sukari ne ya kai ni Kuba, ni da wani abokin aikina Bazazzage. A can na fara shan irin tabar nan mai kauri da ake naɗewa da hannu, ganye a kan ganye, babu takarda. A zuwanmu na ƙarshe muka sayi akwati guda tare. Mai shagon ya yi mana bayani da Sifaniyanci, ina fassara wa abokina. Ya ce sabuwar taba tana da kaifi, tana yagar maƙogwaro. In aka bar ta shekaru a wuri mai sanyi da 'yar laima, kaifin yana fita a hankali, ganyen ciki da na waje su ɗauki ƙamshin juna, man da ke jikin ganyen ya kwanta. Na ce da abokina, ai wannan goro ne kawai. Muka yi alkawari ba za mu taɓa ta ba sai ranar da ɗayanmu zai koma gida gaba ɗaya. Ya ɗauki 'yan ƙwayoyi ya zuba a aljihun jaka, ina yi masa dariya. Sauran suka zauna a wurina, ni da na san darajarsu.

Na sha yawo da akwatin nan. A Dakar iska mai laima ce ta riƙe mini tabar, ban yi komai ba. A Jidda na'urar sanyaya ɗaki ta kusa tsotse ta, na yi ta fama da soso mai ruwa. Da na zo Ingila na zaci wahala ta ƙare, tunda ƙasa ce da ruwan sama ba ya gajiya. Ashe a waje ne ake jiƙa. Cikin gida hita, na'urar ɗumama ɗaki, tana busar da komai, har leɓen mutum. Na sayi akwatin katako na musamman mai ma'aunin laima, ina zuba wa sosan da ke cikinsa tataccen ruwa, ina juya tabar lokaci-lokaci kamar yadda mahaifina ke juya goro.

Bayan rasuwar matata na koma zama wurin 'yata a unguwar Old Trafford. Malamar asibiti ce, ba ta son taba, amma ba ta taɓa yi mini maganar ba. A bazarar da abokina ya kira ya ce ya sayi tikitin komawa Zariya, ba dawowa, sai ciwon ƙafa ya kwantar da ni a asibiti. Na daɗe a can. Ranar da aka sallamo ni na duba ƙasan wardirob, babu akwati.

"Ina akwatina na katako?"

"Au, Baba, na gyara maka shi," in ji ta. "Na buɗe na tarar ya yi damshi, har wani fari-fari ya fara fitowa a jikinsu. Na cire sosan, na baza su a kabad ɗin boila su sha iska."

Kabad ɗin boila, inda tukunyar ruwan zafi take, shi ne wuri mafi zafi a gidan. Nan take jera mayafanta bayan ta turara su. Na buɗe, ƙamshin turaren wuta ya tarye ni. Ga tabata a jere a kan tawul, tsaf-tsaf, kamar kilishi. Na ɗauki ɗaya na matsa kusa da kunne, ta yi ƙara irin ta busasshen kara.

"Baba, da na bar su ai ruɓewa za su yi."

Me zan ce mata? Farin nan da ta gani da yatsa ake share shi. Amma abin da ta yi shi uwarta za ta yi, shi kakarta za ta yi, kuma a kan kowane abu a duniya ban da goro da wannan tabar, su ne da gaskiya. Na ce, "Allah ya yi miki albarka." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na zagi bango da harsuna uku.

Taba in ta bushe ba a gaggawar jiƙa ta. In ta sha laima da sauri, cikin ya kumbura kafin bayan ya yi laushi, sai ta tsage. Na mayar da su akwati, ina ƙara laima kaɗan-kaɗan, ina kallon ranar tafiyar abokina tana matsowa. Wasu suka tsage duk da haka. Waɗanda suka tsira suka yi laushi a hannu, suka yi kyan gani. Amma na sani ruwa ne kawai ya koma. Man da zafi ya kora ba ya dawowa, kuma ganyen taba ba ya mantawa da ƙamshin abin da ya kwana kusa da shi.

Na zaɓi biyu mafi kyau na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Abokina yana can unguwar Sparkhill, a wani tsohon gida bayan Stratford Road, gidan da ya shekara da shekaru yana kai ƙarar damshinsa wurin hukumar gari. Na tarar da kwalaye a ɗaure a falo. Muka fitar da kujeru biyu bayan gida, kusa da kwandon shara, muka kunna.

Tawa ta ci wuta da sauri, gefe ɗaya yana tsere wa ɗaya. Ɗaci, zafi, sannan turare. Abokina ya zuƙa sau biyu ya dube ni.

"Bakano, wannan taba ce ko ɗakin amarya?"

"Ka sha ka yi shiru."

"A'a, ina tambaya ne. Shekara nawa kana yi mini lacca a waya, laima kaza, katako kaza. Ashe humra kake dafa mana."

Na ba shi labarin boila. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya miƙe ya shiga ciki, na ji yana jan kaya a ƙarƙashin bene. Ya dawo da tsohuwar safa, ya zazzage ta a cinyarsa. Taba ɗaya ta faɗo.

"Shekaranjiya na gan ta ina kwashe takalma. Sauran na sha su tuntuni, kada ka yi fushi."

Na karɓa na matsa. Ta lotsa ta dawo. Na kai hanci: ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, da wani abu kamar cakulan. Wurin nan da bangonsa ke tsattsafo, mai sanyi rani da damina, wanda ya ce shi ya ba shi ciwon ƙirji, shi ya yi aikin da na yi ta yi da soso da ma'auni daga ƙasa zuwa ƙasa.

"A cikin safa," na ce.

"Wankakkiya ce. Ina jin."

Ba a raba irin wannan taba biyu, warwarewa take yi. Muka kunna ta muna miƙa wa juna kamar 'yan makaranta. Kaifin nan na da babu shi. Hayaƙin ya yi laushi, ya yi nauyi, tokar ta tsaya fara ba ta faɗi ba. Duk abin da mai shagon ya ce zai faru ya faru. Abokina kuwa yana zuƙarta da gaggawa, yana ba ni labarin kuɗin kaya a filin jirgi, sai da na fizge ta daga hannunsa na ce ya bari ta huta.

Sauran suna nan a akwati a Old Trafford. Ba na shan su, kuma na kasa zubarwa. Har yanzu ina zuba wa sosan ruwa. Kwanan baya 'yata ta wuce ina buɗe akwatin, ta tsaya ta ce ƙamshinsu ya fi na da daɗi.