Tukunyar da Asta Ta Ɗora a Ka

Asta ba ta taɓa rataya zinariya a kunnenta ba, amma a duk ƙasar Kabo da wuya a samu hannun da ya san ta kamar nata. 'Yar Fulanin Gude ce, irin waɗanda garke ya ƙare musu suka rungumi fartanya. Aure ya kai ta Gwarzo gidan Malam Ja'afaru maƙerin fari, ta shekara ashirin da biyu tana riƙe masa ma'auni. A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, mata suka yi ta fito da sarƙoƙin aurensu don a ɗora tukunya, kuma duk ta tafin Asta suke bi. Takan ɗora sarƙa a hannu, ta ɗan jijjiga, ta faɗi nauyinta kafin a taɓa ma'auni. Wani lokaci da hawaye take faɗa, don ta san mai ita.

Sanin nan ya mayar da ita mai ɓata tatsuniya. Da an zo inda jarumi ya saɓa buhun zinariya ya ruga, sai ta ce, "Ƙarya ne, buhu guda ko jaki uku ba sa ɗauka." Yara suka daina gayyatarta hira, ita ko a jikinta.

Da Malam ya rasu ta koma Gude kusa da ƙanenta Sajo. Mutumin kirki ne Sajo, sai dai duk maganar da ta zo da zaƙi tana samun masauki a kunnensa. Abin da ya mallaka bijimai biyu ne na huɗa, su kaɗai suka rage daga garken mahaifinsu. Da su yake noma gonarsa da tata, da su gidan yake ci.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, ana jiran ruwan shuka, wani baƙo ya sauka garin ya ce shi mai haƙar rijiya ne. Ya ja Sajo gefe ya nuna masa tukunyar ƙasa cike da ƙwayoyi masu walƙiya, wai a ƙasan wani kufai ya ci karo da ita. Ya ce yana tsoron shiga birni da ita, shi dai a ba shi shanun noma ya koma garinsu. Har ya zaro ƙwaya ɗaya ya ce a je a gwada. Sajo ya kai Gwarzo, aka goga a dutse, aka ce zinariya ce tsantsa. Ya ɓoye wa Asta, don ya san bakinta.

Sai ranar da za a yi musayar, sannan matar Sajo ta tsegunta mata. Asta ta yafa mayafi ta fito ƙofar gida da hantsi, ta tarar da maza zaune ƙarƙashin darbejiya, Liman har ya yi nisa cikin bayanin kason da shari'a ke cirewa daga dukiyar da aka tono. Igiyar bijiman tana hannun baƙon. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali da gajiya, ba ta rage komai ba.

"Adda, ki koma ciki," in ji Sajo. "An gwada, a Gwarzo ma."

"Guda nawa aka gwada?"

"Guda."

Ba ta ce a nuna mata ƙwayoyin ba. Baƙon ta duba. "Malam, a me ka kawo ta?"

"A keke, Hajiya."

"Wa ya taya ka saukewa?"

"Ni kaɗai," ya ce, har da ɗan murmushi.

Asta ta warware ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi ta naɗe gammo. Ta sunkuya, ta ɗaga tukunyar, ta ɗora a ka, ta saki hannu. Ta zagaya darbejiyar nan sau biyu da irin tafiyar da ta yi tallan nono da ita tana budurwa. Liman ya katse bayaninsa ya bi ta da kallo.

"Na haura sittin," ta ce, "kuma kowa a nan ya san ciwon bayana. In da zinariya ce cike a tukunyar nan, ku uku ba za ku raba ta da ƙasa ba. In ma kun ɗaga, gindinta zai zauna a ƙasa ya bar ku da baki a hannu."

Ta sauke, ta kife ta a tabarma. Tagulla ce aka goge da tsamiya da toka, ita ma ba ta wuce tafi uku ba. Sauran duk tsakuwa ce da yashi.

Baƙon ya saki igiya ya nufi kekensa, maza biyu suka riga shi isa, aka wuce da shi gidan dagaci. Dattawan da ɗazu suke harararta suka shiga sa mata albarka, wani har yana cewa shi dama tun farko bai yarda ba. Ƙarya yake, shi ne a gaba wajen leƙa tukunya.

Sajo ya sunkuya zai ɗauki igiyar. Kunya ta hana shi ɗago kai. Asta ba ta yi masa gori ba, abin da ya ba duk garin mamaki ke nan. Ta karɓi igiyar, ta ja bijiman da kanta ta bayan gida har turke, ta ɗaure. Da ta ga babu mai kallonta, ta jingina goshinta a wuyan babban, tana kiransa da sunan saniyar da ta haife shi, ta yi kukan farin ciki son ranta.

Bayan kwana huɗu ruwa ya sauka. Sajo ya wuce tasa gonar ko waiwaye bai yi ba, ya kafa garma a ta Adda.