Tukunyar da Muka Ɗura wa Ruwa

Har yau ban manta da wata Laraba ba, a shekarata ta farko a sashen ceto na cikin ruwa a Birnin Kebbi. Ina ƙaramin ma'aikaci, sabon dawowa daga kwas, ina ji da kaina. Da hantsi aka kira mu Argungu: kwalekwale ya kife da injin ban ruwan wani manomi, Malam Umaru. Ba a rasa rai ba, amma shinkafarsa ta fara fitar da kai, in ta ƙara kwana uku babu ruwa, noman ranin shekarar ya tashi a banza.

Ga wanda bai san aikin ba, mai nutso yana goya tukunyar iska, ya sa rigar roba, sannan ya ɗaura ɗamarar dalma, don rigar sama take tura mutum. To, ɗamarar muka manta a ofis. Shugabanmu, Oga Bello, ya ce a koma a ɗauko, ni kuwa na bugi ƙirji na ce zan iya a haka.

Na faɗa ruwa da salo. Kaina ya shiga, ƙafafuna suka shiga, mazaunaina suka ƙi. Sau huɗu ina kutsawa ina tasowa. Masunta sun cika bakin gulbi, wasu har suna riƙe ciki don dariya, mutanen da ke nutso da gajeren wando kawai. Kunya ta kama ni sosai.

Dattijon da ke tuƙa mana jirgi, Baba Ɗanjimma, ya nuna wata tsohuwar tukunyar iska da muka ɗaure da igiya tana yawo a kan ruwa. Ta riga ta faɗi gwaji, ba a shaƙa da ita, alamar inda injin ya nitse kawai muke yi da ita.

"Ɗana, mi ac cikin wagga?"

Na ce babu komai, Baba, iskar ta ƙare.

"To ai gora na. Mu in muna son gora shi nitse, ruwa muka ɗura mishi."

Nan take Oga Bello ya nemi sifana. Ya tabbatar babu sauran iska mai ƙarfi, ya kwance bakin tukunyar, muka danna ta cikin gulbi tana ɓulɓul. Ƙarfenta bai canja ba, girmanta ma haka, amma inda iska take ruwa ya zauna, sai ga abin da ke yawo ɗazu yana neman fizge mini hannu. Na rungume ta, ta kai ni ƙasa salin alin. Na lalubo injin cikin laka, na ɗaure shi da igiya, na saki tukunyar, na biyo igiyar a hankali.

Da injin ya fito, gulbi ya ɗauki sowa. Malam Umaru ya rungume ni da rigar roba da laka da komai, yana dariya yana hawaye. Ni ma dariya nake, kamar ba ni aka yi wa ɗazu ba. Bakanike ya wanke injin, washegari ruwa ya shiga gona.

A kwas an koya mana wannan da lissafi a allo, na kuma ci jarrabawar, amma ban gane shi ba sai a ranar. Shi ya sa nake ce muku, ku sababbin ma'aikata, in kun isa bakin ruwa, kafin ku sa riga ku fara gaishe da mai jirgi, ku ji abin da zai ce.