Gaurakan da Muka Ba Baƙo

A bayan garinmu, tsakaninmu da Gafasa, akwai wata fadama da ruwa yake kwanciya a cikinta tun daga tsakiyar damina har bayan kaka. Ina yaro gauraki suna sauka a wurin da yawa, har muna jiyo kukansu daga cikin aji a firamare. Lokacin da na yi aure sun ragu ƙwarai. A shekarar da abin da zan faɗa ya faru saura biyu, mace da namiji, kuma ni aka ba amanarsu.

Wadda ta ba ni amanar wata Hajiya ce daga birni. Ta nemi izini wurin hukuma da masu gonakin gefen fadamar, ta kafa tantuna shida a kan tudu. Cikin kowane tanti akwai gado da farin zani, da banɗaki mai ruwan zafi, da wutar sola. Masu hali daga Legas da Abuja, har da ƙasashen waje, suna zuwa su kwana biyu ko uku don kawai su kalli tsuntsaye. Da farko dariya muka yi, mutum ya bar gidansa ya zo daji sauro ya cije shi. Amma matan garinmu sun samu aikin girki da wanki, Fulani suna kai nono, mu kuma muka yi alkawari ba harbi, ba ƙona ciyawa, shanu kuma su bi ta yamma.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ne mai unguwarmu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Shi ya kai ni wurin Hajiya da ta nemi mai gadin fadama. Ya ce mata, “Hajiya, ɗauki wannan. Ƙofar da ya kulle da hannunsa ma sai ya koma sau uku ya taɓa kwaɗon.” Aka yi dariya. Gaskiya ya faɗa, har yau haka nake.

A damina ta huɗu da kafa tantunan gaurakin suka yi sheƙa. Ni na fara ganinta, a cikin doguwar ciyawa bayan wasu giginyu biyu ta gabas, inda ruwa yake kai gwiwa. Ƙwai uku ne a ciki. Na je na gaya wa Hajiya. Ta ce mini, “Malam, daga ni sai kai. Kada kowa ya san wurin nan, ko iyalinka.” Na ce in Allah ya yarda ba wanda zai ji daga bakina.

Na kalle su kwana da kwanaki, na gane yadda suke yi. Ba sa barin ƙwan shi kaɗai. Ɗaya yana kwance a kai, ɗayan ya tafi kiwo, in hantsi ya yi su canja, in la’asar ta yi su sake canjawa. Akwai guza a fadamar, akwai hankaki, duk jira suke.

A cikin baƙin akwai wani tsohon likita daga Kudu da yake zuwa kowace shekara. Ya taɓa aiki a Arewa yana saurayi, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Shi ne ya sa aka haƙa mana rijiyar burtsatse a tsakiyar gari. Kafin ita, in bazara ta yi rijiyoyinmu sukan ƙafe, mata da yara su yi tafiya mai nisa da jarkoki. A shekarar aka gama ta, ya zo ya yi mako ɗaya. Kullum bayan asuba nakan kai shi wata rumfa da muka yi nesa da giginyun, ya zauna da madubin hangen nesa ya jira namijin ya tashi kiwo. Wata rana ya ce mini, “Kai ka fi ni arziki. Kullum kana gani.”

Ranar Litinin bayan azahar Baffa ya aika a kira ni. Na same shi a zaure tare da Sarkin Baka, tsohon maharbin garinmu, wanda ya rataye bindigarsa tun da aka yi alkawarin hana harbi. Na durƙusa na gaishe su.

Sarkin Baka ya ce, “Ga mai gadin tsuntsu. Yaya iyayen gidan naka, sun tashi lafiya?”

Na ce lafiya lau.

Baffa ya ce, “Likitan nan ranar Asabar zai tafi. Mutumin da ya ba gari ruwa ba za a sallame shi hannu rabbana ba, abin kunya ne a kanmu duka. An ce rago, Hajiya ta ce ba ya cin nama. An ce babbar riga, an ce ba ya sawa. Kai kake yawo da shi. Me yake so?”

Na ce, “Baffa, ni dai ban ga yana son komai a nan ba sai gaurakin nan.”

Sarkin Baka ya buga cinyarsa. “To ai shi ke nan! Ashe ya san abin manya. Gauraka ai sai tsakar gidan babban mutum.”

Nan take na gane inda ya dosa. Kowa a wajenmu ya san masu sarauta da attajirai a birni suna ajiye gauraka a gida don ado, kuma a da Sarkin Baka yana kai musu. Na ce, “Baffa, kallonsu yake so, a can inda suke.”

Ya ce, “Mun ji. Ina suke zama yanzu? An daina ganinsu a bakin hanya.”

Na ce, “Hajiya ta ce kada in faɗa wa kowa.”

Ya zuba mini ido. Can ya ce, “Kowa. Ni da na sa ka makaranta, na yi maka aure, yau ni ne kowa.”

Sarkin Baka ya ce, “Ƙyale shi, Mai unguwa, ya yi sabuwar uwa a birni.”

Kaina yana ƙasa na ce, “Bayan giginyu biyu, ta gabas.”

Na sha bincika maganar nan a raina. Ban ambaci sheƙa ba, ban ambaci ƙwai ba, ban kai kowa wurin ba. Amma maharbi ba ya buƙatar fiye da abin da na faɗa, kuma na san haka lokacin da nake faɗa.

Saura kwana biyar a lokacin. Sau biyu ina zuwa wurin Hajiya da niyyar in gaya mata. Zuwan farko na ƙare da maganar wasu shanu da suka ratso ta gabas. Na biyu na ce mata katakon rumfa ya fara ruɓewa. Abin da yake hana ni shi ne, in na faɗa, na ɗora wa Baffa laifin da bai riga ya yi ba, kuma na kai ƙarar wanda ya riƙe ni wurin baƙuwa. Watakila ma tambaya kawai suka yi. Watakila za su sayi sallaya mai kyau a kasuwar Gaya su ba shi. Sai na yanke wa kaina cewa ni zan tsare wurin, ba sai kowa ya ji kunya ba. Daga asuba har magariba ina rumfa, a nan nake salla, a nan matata take aiko mini da fura.

Ranar Juma’a na tsaya ina shawara da zuciyata har aka kusa kiran salla. Ban taɓa barin Juma’a da gangan ba. Na hau keke na tafi Gafasa, ana sallamewa na juyo ko gaisawa ban tsaya yi ba. Da na dawo rumfa na hango macen a kwance kan sheƙa. Na ce namijin yana kiwo. La’asar ta yi bai zo ba. Na zagaya ta bayan giginyun, inda yake sauka ya ci tsaba, na ga sawun mutum a taɓo, da ragowar dawa a warwatse, da gashin tsuntsu guda uku. Na tsince su na sa a aljihu. Ko a lokacin ban je wurin Hajiya ba. Na ce da kaina in tarko ne ya kama shi, za a iya sakinsa gobe in ta yi magana, ba abin da ya ɓaci tukuna.

Asabar da hantsi aka taru a bakin rijiyar burtsatse. An shimfiɗa tabarmi, mata suna daga gefe, Baffa ya sa rigarsa ta salla. Ya yi godiya mai tsawo, liman ya yi addu’a. Sai Sarkin Baka ya fito daga bayan jama’a rungume da wani abu a naɗe cikin sabuwar atamfa. Kan tsuntsun yana waje, da tukkunsa mai ruwan zinariya, idonsa fari yana kallon kowa. Mata suka rangaɗa guɗa.

Baffa ya ce, “Likita, mun tambaya an gaya mana abin da ka fi so a ƙasarmu. Ga shi, ka kai gidanka ka riƙa gani kullum. Kada ka ji tsoro, ba zai gudu ba, an gyara shi.”

Likita ya karɓa da hannu biyu. Ya warware atamfar a hankali, ya ɗaga fiffiken dama. An yanke shi daga gaɓar ƙarshe, an ƙona bakin ciwon da wuƙa mai zafi, an shafa toka. Ya daɗe yana dubawa. Ya tambaya da Hausarsa, “Zai tashi kuma?”

Sarkin Baka ya ce, “Har abada, ranka ya daɗe. Aikina ne tun ina saurayi, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.”

Likita ya zauna a kan dakalin rijiyar da tsuntsun a cinyarsa. Guɗa ta tsaya. Ya dubi Baffa ya ce, “Na gode.” Sai ya miƙo mini gaurakan, ya tashi ya shiga mota.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta matso kusa da ni ta ce, “Wa ya nuna wurin?” Na ce, “Ni ne.”

Baffa yana tsaye inda yake. A gaban garinsa duka an mayar masa da kyauta, kuma bai san dalili ba. Ya kama hannun rigata ya ce a hankali, “Ba kai ka ce shi yake so ba?”

Ƙwan ne a raina. Na rungumi namijin na tafi fadama da gudu, na shiga ruwa har gwiwa, na kwance masa ƙafa na ajiye shi kusa da sheƙa. Macen ta tashi tana kewaya sama tana kuka. Na koma rumfa na zuba ido. Ta dawo ta kwanta. Shi kuwa ya tsaya a ruwa, jikinsa ya karkata gefe ɗaya, bai matsa ko taki ɗaya ba. Sau biyu ya buɗe fiffike zai tashi ya faɗi. Da rana ta yi sanyi na tuna da diloli da karnukan gari, na koma na ɗauko shi na kai gida. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Watakila da na bar shi da washegari ya hau ƙwan.

Macen ta yi kwana uku a kan sheƙa ba mai canjinta. Na watsa mata dawa kusa, ba ta taɓa ba. A rana ta huɗu da hantsi yunwa ta tashe ta. Ina rumfa ina kallo, na ga ciyawa tana motsi, na ruga ina ihu ina faɗuwa a taɓo. Kafin in isa guza ya gama da biyu, na ukun ya fashe. Akwai ɗan tsako a ciki, har ya yi gashi.

Bayan haka ta yi kamar mako tana kuka a fadama da safe. Namijin yana amsa mata daga tsakar gidana, duk gari ana ji. Wata safiya ta zo ta kewaya saman gidan sau uku, ƙasa-ƙasa, har na ga ƙafafunta. Na kora yara ɗaki, ni ma na ɓuya a zaure ko za ta sauka. Ba ta sauka ba. Ta yi gabas, kuma ban sake ganinta ba.

Hajiya ba ta kore ni ba. Ni na je na ajiye mata madubin hangen nesa da takalmin ruwa da ta ba ni, na ce ban cancanta ba. Ta riƙe wurin damina ɗaya bayan wannan. Akwai dinya da zalɓe da shamuwa, amma don gauraki baƙin suke zuwa, kuma Likita bai dawo ba. Da kaka aka zo da manyan motoci aka naɗe tantunan. Matan da suke girki suka koma gida. Rijiyar tana nan tana ba da ruwa, daga ita nake ɗibar wanda nake zuba wa tsuntsun.

Yana gidana har yau, a wani shinge da na yi masa gefen rumbu. Wani mutum daga Gaya ya zo sau biyu yana so in sayar masa, na ƙi. In damina ta faɗi yakan miƙe wuya ya yi kira da safe, ya tsaya yana saurare. Ni ma nakan bar abin da nake yi in saurara tare da shi.

Ina zuwa gaishe da Baffa kowace safiya kamar yadda na saba, yana amsawa, amma bai sake taka ƙofar gidana ba, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk shekara in an yi girbi nakan fito in tarar da damin dawa ɗaya a jingine a bakin zaurena. Na san ɗaurin Baffa. Nakan sussuke ta in ajiye daban, ba na bari ko ƙwaya ɗaya ta shiga tukunyarmu.